Masu bin bashi da kuɗin ritayarka a Amurka: ka san dokar jiharka kafin ka taɓa asusun

'Yan uwa mazauna Amurka, musamman masu tuƙa tasi da Uber da manyan motoci da masu ƙananan shaguna, maganar nan da ku nake. Abin da ke ci min rai shi ne yadda mutum zai yi shekara da shekaru yana ɗan jefa dala ɗari biyu, ɗari uku a asusun ritayarsa na IRA, rana ɗaya bashi ya taso, kamfanin karɓar bashi ya dame shi da waya safe da yamma, wasiƙu masu jan rubutu su cika akwatin gidansa, sai tsoro da kunya su sa ya je ya kwashe kuɗin tsufansa ya miƙa musu da hannunsa. Alhali a jihohi da yawa ko kotu suka kai shi suka yi nasara ba su da ikon taɓa kuɗin nan. Shi ya buɗe musu ƙofar da doka ta rufe.

Kuma asarar ninki ce fa. In ka cire kuɗi daga IRA kafin ka kai shekara 59 da rabi, yawanci akwai tarar kashi 10 cikin ɗari, ga harajin da za a caje ka a kan abin da ka cire kamar albashi ne, sannan da zarar kuɗin ya sauka a asusunka na banki na yau da kullum kariyar na iya tashi, mai takardar kotu zai iya sa a riƙe asusun. Ƙarshenta bashin bai ƙare ba, ajiya ta tafi, hukumar haraji ta IRS kuma tana jiranka a watan Afrilu.

Asusun ritaya a Amurka ba iri ɗaya ba ne a idon doka, nan mutane ke ruɗewa. Wanda ke aiki a kamfani sau da yawa yana da 401k, wato asusun ritaya da kamfanin ke buɗe masa, wannan yana ƙarƙashin dokar tarayya ta ERISA ta 1974, wadda ta hana a kama kuɗin saboda bashi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Patterson da Shumate a 1992. Ko a wace jiha kake, kariyar tana binka. Ku tuna O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, a 1997 kotu ta yanke masa biyan diyyar dala miliyan 33.5, amma fanshonsa na ƙwallo masu bin diyyar ba su iya ƙwacewa ba. To amma IRA, wanda mutum ke buɗe wa kansa, ba ya cikin wannan rumfar ta ERISA. Kuma su wa suka fi dogaro da IRA? Direba, mai kitso, mai gyaran mota, mai sayar da kaya a shago, wanda ba shi da kamfanin da zai buɗe masa 401k.

In ka je kotun karayar arziki ka bayyana ka gaza biya, dokar tarayya ta 2005 ta kare IRA har dala miliyan ɗaya, kuma ana ƙara adadin duk shekara uku, daga 1 ga Afrilu 2025 ya kai dala 1,711,975. Kuɗin da ka kwaso daga 401k na tsohon wurin aikinka ka zuba a IRA ma ba a lissafa shi cikin wannan iyakar. Ga mafi yawanmu ai wannan ya wadatar, mutumin da iyakar abin da doka ta yarda ya zuba a shekarar 2025 dala 7,000 ne, ko 8,000 in ya kai 50, yaushe zai tara miliyan da ɗoriya.

Matsalar tana wajen wanda bai shiga kotun karayar arziki ba. Asibiti ne ko kamfanin katin bashi ko wanda kuka yi haɗarin mota da shi ya kai ka ƙara ya ci nasara, a nan dokar jihar da kake zaune ita ce ke magana. Texas da Florida sun kare IRA sosai. New York ma ta kare, amma kuɗin da ka zuba daga kwana 90 kafin a shigar da ƙarar zuwa gaba ba ya cikin kariyar. Nevada ta sa iyakar kuɗi. California kuwa an daɗe da saninta da tsarin cewa alƙali zai duba ya ga nawa ne zai ishe ka rayuwa da iyalinka bayan ritaya, abin da ya haura mai bin bashi na iya samu, sai dai daga 2025 ta ƙara kariya a kan bashin buƙatun kai da na gida. Wallahi wannan ban ga adalcinsa ba. Direbobi biyu, sana'a ɗaya, gumi ɗaya, bashi iri ɗaya, ɗaya a Houston ɗaya a Los Angeles, amma makomar tsufansu ta bambanta saboda adireshi kawai, shi kuma manajan kamfani mai 401k ko ina yake hankalinsa kwance. Kamata ya yi majalisar tarayya ta ba IRA irin kariyar da ta ba 401k a ko'ina a huta.

Wanda ya zauna a New York ya san ba tatsuniya nake ba. Lambar izinin tasi mai ruwan ɗorawa ta haura dala miliyan ɗaya wajen 2014, mutane suka ci bashin banki suka saya suna ganin ita ce fanshonsu, Uber da Lyft suka shigo farashin ya faɗo ƙasa da dubu ɗari biyu, bashin kuma yana nan yadda yake. Sai da direbobi suka yi yajin cin abinci a gaban ofishin magajin gari a 2021 kafin aka yi yarjejeniyar rage bashin zuwa dala 170,000. Mutumin da ke cikin irin wannan halin, ɗan abin da ke IRA ɗinsa shi ne kaɗai ya rage masa.

Na san me wasu za su rubuto min: Malam, ai bashi amana ne, kana koya wa mutane cin haƙƙi. A'a. Bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma biyansa wajibi ne, hadisi ma ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Wanda ya ga ƙara na tafe ya yi sauri ya tura dukiyarsa cikin IRA don ya ɓoye, kotun Amurka ma tana iya warware wannan ta ce zamba ce, kuma ni ina goyon bayan haka. Amma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, kuma a fiƙihu ko an yi wa mutum hukuncin muflisi, wato wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, an raba kayansa ga masu binsa, ana bar masa tufafinsa da abin da zai ci da iyalinsa. Dattijo ɗan shekara 68 da ciwon suga da ciwon baya na zaman mota, in aka kwashe ajiyarsa ina zai nufa? Ya zauna da masu binsa su yi sulhu ya riƙa biya daga abin da yake samu, wannan hanya ce mai mutunci.

Kariyar ma ba duk abu take hanawa ba. IRS na iya kamawa saboda bashin haraji, in aure ya mutu kotu na iya raba asusun, kuɗin ciyar da 'ya'ya ma a wurare da yawa ana cirewa daga ciki.

Sai maganar gado, wadda mu Hausawa ta fi shafa don kowa burinsa ya bar wa 'ya'yansa wani abu. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Clark da Rameker, wata mata ce a Wisconsin ta gaji IRA na kusan dala 450,000 daga mahaifiyarta a 2001, ta shiga karayar arziki a 2010 saura kusan 300,000 a ciki. Alƙalan tara gaba ɗaya suka ce wannan ba kuɗin ritaya ba ne a hannunta, tunda ba za ta iya ƙara ko sisi a ciki ba, dole ta riƙa cirewa ko ba ta tsufa ba, kuma tana iya kwashe duka a rana ɗaya ba tara. Kenan IRA da ya tsare ka a rayuwarka bai zama lallai ya tsare ɗanka ba. Florida da Texas da Ohio da Arizona da wasu 'yan jihohi sun rubuta a dokarsu cewa na gado ma an kare shi, kuma jihar da magajin ke zaune ake dubawa. Matar mamaci ko mijin mamaciya kam suna da damar mayar da asusun ya zama nasu.

Kada kuma wani ya ce to bari in tattara in koma Texas. Dokar 2005 ɗin nan ta ce sai ka yi kwana 730 a sabuwar jiha kafin ka mori kariyarta a kotun karayar arziki. In takardar sammaci ta zo maka kada ka jefa ta a aljihun mota, rashin amsa ƙara shi ke ba su nasara a ɓagas. Nemi lauyan da ya san harkar bashi a jiharka, akwai ofisoshin taimakon shari'a kyauta ga marasa ƙarfi, ka tafi da takardun asusun ka nuna masa wane kuɗi ne ya fito daga 401k, wanne ka zuba da hannunka, da ranar da ka zuba kowanne.