A kai horon ƙauyuka

Na ji daɗin wannan labari na horar da masu kula da yaran da hankalinsu ya tashi ko halinsu ya rikice. Tun 2019 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato ke kwararowa wajen Gidan Rumji da ke jihar Maraɗi a Nijar, yaransu sun ga kisa da idonsu. Akwai wata marainiya a gidanmu, kullum firgita cikin barci, fitsarin kwance, ga cizo. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce a zane ta. Wallahi duka ƙara birkita ta yake yi! Da mutum ɗaya ya riƙe ta, yana lallashi, abinci da barci kan lokaci, ta fara magana. Don Allah kar horon ya tsaya cikin birnin Maraɗi, a haɗa da malaman allo.