Fenti ba ya mayar da tsohon jirgi yaro

Makon jiya wani abokina ya turo mini tallar wani kamfani mai jigilar fasinja a Bahar Maliya, wai sun kawo "sabon jirgi". Da na bi diddigin lambarsa, sai na tarar ya girmi yawancin ma'aikatan da za su hau shi. Fenti da suna ne kaɗai sababbi. Raina ya ɓaci, don irin wannan cinikin ne ya binne mutum fiye da 1,000 a teku cikin Fabrairun 2006, lokacin da jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse a Bahar Maliya.

Masu kare kamfanoni kullum amsarsu ɗaya ce: jirgi ba ya tsufa idan ana kula da shi, kuma Al-Salam Boccaccio 98 laifin kyaftin ne da ya ƙi juyawa zuwa tashar Duba ta Saudiyya, inda ya taso, bayan gobara ta tashi. An ji. Kyaftin ya yi ganganci. Amma a bi tarihin jirgin tukuna.

A Italiya aka ƙera shi a 1970, sunansa Boccaccio, yana yi wa kamfanin Tirrenia jigila a Bahar Rum. A 1991 aka ɗora masa ƙarin benaye don ya kwashi mutane da yawa, kamar mai ɗora hawa biyu a kan ginin da aka yi wa tushen ƙasa ɗaya. A 1999, lokacin da Turai ke tsananta ƙa'idojin jiragen fito bayan nutsewar jirgin Estonia a 1994, aka sayar da shi ga kamfanin El Salam na Masar, aka liƙa masa tutar Panama. Jirgin da ya fara yi wa Turawa nauyi ya zama na leburori masu dawowa daga Saudiyya da alhazai.

Daren da abin ya faru, yana kan hanyar tashar Safaga ta Masar da mutum kusan 1,400. Wuta ta kama a hawan da ake ajiye motoci, ma'aikata suka yi ta kwara ruwa, magudanan da za su fitar da shi suka toshe. Ruwan ya taru a gefe guda, jirgin da aka riga aka yi wa kai mai nauyi ya karkata, ya kife. Waɗanda suka tsira ba su kai 400 ba. Wace rawa kyaftin ya taka wajen ɗora benayen 1991? Shi ya toshe magudanan? Kuma ɗan'uwan jirgin, Al-Salam Petrarca 90, ai gobara ta ci shi a 2002 bayan ya bar wannan tashar ta Duba. Gargaɗi ya zo, aka toshe kunne.

Mai kamfanin, Mamdouh Ismail, ɗan Majalisar Shura ta Masar a lokacin, ya tsallaka Landan. Kotu ta wanke shi a 2008, sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa shekara 7 ba ya nan.

Masu cewa "ƙaddara ce" kuma, ba na musu da ƙaddara, amma ba ita ta sa hannu a takardar lafiyar jirgin ba.

Abin ya shafe mu, don 'yan'uwanmu na Sudan da masu umara ta ruwa suna tsallakawa daga Suwakin zuwa Jidda a irin waɗannan jirage. Ya kamata hukumomin tashoshi su tilasta a manna shekarar ƙira da duk sunayen da jirgi ya taɓa amsawa a jikin tagar sayar da tikiti, da manyan baƙaƙe, inda mai biyan kuɗi zai gani kafin ya miƙa fasfonsa.