Makunnin da na kashe don tattali

Ni ne mai kula da ginin wata makarantar firamare a arewacin Ingila. A Disambar 2022 kuɗin lantarki ya yi tashin gwauron zabo, sai shugabar makaranta ta ce kafin a tafi hutun Kirsimeti a kashe duk abin da ba a buƙata. To ai ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Wanda ya taso da mitar kati ba a koya masa kashe wuta.

Ranar Juma'a 16 ga wata na bi ɗaki-ɗaki ina kashewa. A ɗakin tukunyar ɗumama gini na tarar da wani makunni mai jar fitila, ba rubutu a jikinsa. Na bi wayarsa har cikin silin, na ga wata faffaɗar waya kamar ɗamara ta shige ƙarƙashin soson da aka naɗe bututun ruwa da shi. Na taɓa, ɗumin bai kai na shayin da ya kwana ba. Ba haske, ba ƙara, sai shan wuta. Na ce yau dai asirin ɓarawo ya tonu, na danne makunnin.

Ashe wayar ɗumama bututu ce. Cikinta layukan jan ƙarfe biyu ne, tsakaninsu wata baƙar roba mai gaurayen gawayi. Idan sanyi ya ƙaru robar takan tsuke, wuta ta sami hanya, zafi ya ƙaru; idan wuri ya yi ɗumi sai ta saki, zafin ya ragu da kansa. Tamu wat 10 take ci a kowace mita, tsawonta mita 40, wat 400 ke nan, ko kashi ɗaya cikin bakwai na butar shayin malamai bai kai ba. Ga kuma na'urar auna sanyi da ba ta kunna ta sai ma'auni ya sauko digiri 5. Aikinta kawai ta hana ruwa daskarewa, shi ya sa ɗuminta bai taka kara ya karya ba.

Daren Juma'a da na Asabar sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Ruwa in ya daskare girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ƙanƙara takan toshe wuri guda, ta riƙa tura ruwan da ya rage zuwa ga famfon da ke rufe, har matsin ya tsaga bututun ko ya ɓalle mahaɗa. Muguntar ita ce ba ka ganin ko ɗigo, don ƙanƙarar ce ta toshe ɓarakar. Sai da gari ya saki ranar Lahadi da dare, ƙanƙarar ta narke, ruwa ya sami hanya.

Litinin da safe na buɗe ƙofar zauren taro na tarar ana ruwan sama a ciki, waje kuwa ko yayyafi babu. Bututu mai kaurin milimita 22 ya tsage tsawon ɗan yatsa. Allunan silin sun jiƙe sun zubo kamar tuwon da ya sha miya, katifun motsa jiki suna iyo. Na ruga wurin babban bawul, wato abin da ake murɗawa a rufe ruwan ginin, shi kuma ya cije, don rabon da a murɗa shi tun ba a haifi 'yan aji ɗaya ba.

Mai gyaran wuta da ya zo, wani dattijon Bature, bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya sa ni riƙe masa tocila yana karanta mini darasi. Ana shimfiɗa wayar ne ta ƙasan bututu, daidai inda ƙarfe 4 ko 8 yake a fuskar agogo, a ɗaure ta da salatif na zaren gilashi duk santimita 30. Ban da ɗaurin ƙarfe, yana yanka rigarta. In bututun roba ne a bi ta da salatif na alminiyam don zafin ya bazu. Wurin bawul a ƙara mata tsawo a zagaye shi, don nan ne zafi ya fi tserewa. A toshe ƙarshenta da murfinta, kada a kuskura a haɗa layukan biyu. Sannan soso a kai, busasshe, don jiƙaƙƙen soso bargon banza ne. Layin da ke ba wayar wuta kuma sai da na'urar da ke katse wuta in ta zurare, mai miliamfa 30, kuma a gwada wayar kowace kaka kafin sanyi ya kama.

Ya ƙirga mini abin da na tattala a kwana biyun: yunit 19, in ma wayar ta yi ta ci ba hutu. Kuɗin silin kuwa shugaba ba ta faɗa mini ba, kallona kawai ta yi ta saman tabarau.

Yanzu makunnin yana da rawayar takarda mai gargaɗi da murfi mai kwaɗo. Makullan makarantar nan kaf suna ƙuguna, har na ɗakin ajiyar tsintsiya, ban da wannan.