Taku biyu na ƙasa a gefen katanga

A Maradi ba kasafai babban fegi ke haɗa maƙwabta faɗa ba. Ɗan tsirin nan ne na gefen katanga, inda ake ɗaure akuya, ko aka jibge yashi da bulo shekara bakwai ba wanda ya ce uffan. Ranar da maƙwabci ya kawo magina suka ja igiya, ranar kowa ke tuno abin da marigayi mahaifinsa ya faɗa masa.

Ni dai kunya nake ɗora wa laifi. Mutum zai sayi fili, ya biya lakadan, amma ya ji nauyin ce wa Alhajin da ke gefensa: "Baba, zo mu tsaya a auna." Wai kada a ce yana zargin dattijo. Dattijon ya rasu, magada su taso da tasu iyakar a ka.

Garin ma ba a nan yake ba tun asali. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka hauro tudu, Faransawa suka yanka tituna a miƙe, daga nan gari ya yi ta cin gonaki. Iyakar gona aguwa ce ko gamba, kowa na ganinta. Ta fegi kuwa ɗan turken siminti ne, damina biyu rairayi ya binne shi, in ma ba wani ya matsar da shi da dare ba.

Takardu kuma ba ɗaya suke ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Wadda aka rubuta gaban mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki. Ta ofishin magajin gari ce ke nuna lambar fegi da girmansa a taswirar unguwa. Sama da su akwai takardar mallaka ta dindindin, wadda tun 2006 gwamnati ta sauƙaƙa hanyar samunta da sunan Sheda. A karkara kuma wata doka ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye.

Za a ce kiran mai awon fili kuɗi ne, kuma gaskiya ne. Amma na ga katangar da ta kai wuyan mutum aka rushe ta saboda ta shiga taku biyu, mai ita na tsaye yana ƙirga buhunan simintin da suka tafi. Har yau matan gidajen biyu ba sa aron wuta a wurin juna, kuma indararon ɗayan na nan yana zuba a kan tsirin.