Darajar Ferrari tana cikin motocin da take ƙin sayarwa

A shekarar 2024 kamfanin Ferrari ya miƙa wa masu saye motoci 13,752 a duk faɗin duniya, adadin da Toyota, mai sayar da fiye da miliyan 10 a shekara, ke zarce shi cikin yini guda. Masu kuɗin da ke son motar sun fi haka yawa, kuma masana'antar da ke garin Maranello na Italiya za ta iya faɗaɗa aikinta idan ta so, amma da gangan take barin attajirai a layi suna jira. A ganina nan ne asirin martabarta yake, domin gudu kaɗai ya daina bambanta kowa, tunda motar lantarki irin Tesla Model S Plaid tana tashi da saurin da ya fi na yawancin motocin Ferrari, a kan farashin da bai kai nasu ba.

Idan aka zo kan motocin da ake ƙerawa ƙididdigaggu, abin ya fi tsanani. LaFerrari ta 2013 guda 499 aka tsara yi, F80 ta 2024 kuwa guda 799, kowace F80 a kan kusan Yuro miliyan 3.6, kuma kamfanin ne ke zaɓen wanda zai tallata wa, yana duba tsawon hulɗarsa da shi da irin motocin da ya saya a baya. Mutum zai zo da kuɗinsa a hannu a ba shi haƙuri. Akwai girman kai a cikin wannan, ban musa ba, sai dai shi ne ke hana motar zama hajar da duk wanda ya yi arziki jiya zai ɗauka yau.

To amma ƙarancin kaya shi kaɗai ba ya haifar da daraja, sai da tarihi a bayansa. Enzo Ferrari, wanda ya assasa kamfanin, ya kafa ƙungiyarsa ta tseren motoci a 1929, shekara 18 kafin motar farko mai ɗauke da sunansa ta fito a 1947, kuma ita ce ƙungiya ɗaya tilo da ta shiga kowace kakar gasar Formula 1 tun daga 1950. Dokin da ke tambarin ma aro ne daga jirgin Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin Italiya da ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Saboda wannan tarihi ne aka sayi motar Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 kacal aka ƙera, a kan Dala miliyan 48.4 a gwanjon 2018.

Maserati, maƙwabciyarta a Modena, tana da nata tarihin tsere mai ƙarfi, amma ta bi hanyar yawaita ciniki da motoci masu sauƙin farashi. Cinikinta ya haura motoci 50,000 a 2017, sannan ya faɗo ƙasa da 12,000 a 2024, ko da yake wasu matsalolin ma sun taimaka. Ferrari ta fuskanci irin wannan kwaɗayi lokacin da ta fitar da Purosangue mai ƙofa huɗu a 2022, motar da kasuwa za ta iya kwashewa komai yawanta, sai ta ƙayyade cewa ba za ta wuce kashi 20 cikin 100 na motocin da take fitarwa a shekara ba.