Kayan wasa ga marayun ƙanjamau: tsarin Ingila ba zai zauna a ƙauyen Zamfara ba

A nan Ingila, da watan Nuwamba ya kama za ka ga akwatuna a bakin manyan shaguna da coci-coci ana tara kayan wasan yara na Kirsimeti. Ƙungiyoyi irin su Salvation Army suna da ƙa'ida: sabo ake kawowa, ba kwance ba, kuma ba a naɗe shi, don ma'aikata su duba su ware shi bisa shekarun yaro. 'Yan uwanmu mazauna waje sun fara kwaikwayon wannan, musamman idan 1 ga Disamba ta gabato, wato ranar yaƙi da ƙanjamau ta duniya. A tara kaya, a aika gida, a raba wa yaran da cutar ta raba da iyayensu ko suke ɗauke da ita. Niyya ce mai kyau. Amma in aka ɗauko tsarin ɗungurungum aka kai ƙauyukan Anka ko Gummi, gyaran gangar Auzinawa za a yi.

A nan Ingila, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce ke miƙa sunan iyali, a kai musu kaya cikin jaka, maƙwabci bai sani ba, bai ma damu ba. A ƙauye kuwa, baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar gida da hantsi, kafin la'asar an san abin da ta kawo da dalilin kawowa. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma Arewa maso Yamma na cikin yankunan da suka fi ƙaranci. Ƙarancin nan shi ke sa gida ɗaya ya fita zakka a gari. Akwai dokar 2014 da ta haramta nuna wariya ga masu cutar, amma doka ba ta hana uwa ta ja ɗanta gefe ta ce kada ya sake cin tuwo da wane. Ga kuma yara da dama da ke shan magani kullum ba a riga an gaya musu na mene ne ba. Bai dace su ji daga bakin abokan wasa ba.

Don haka a raba wa kowa. A ɗauki aji guda na firamare ko Islamiyya, ko unguwa baki ɗaya, da sanin mai unguwa da shugaban makaranta. A yi da ƙaramar Sallah ko 27 ga Mayu, ranar yara, ba 1 ga Disamba ba. Babu tuta, babu jan ƙyallen alamar ƙanjamau a ƙirji, babu hoto a Facebook. Ajin yara 60, ƙwallo shida da famfon hura ƙwallo biyu da igiyar tsalle goma sun isa na haɗaka, sai kowane yaro ya tafi gida da littafin zane da fensir mai kala. A haɗa da allurar famfo ta ajiya, domin ita ke fara ɓata, ƙaya kuma ba ta barin ƙwallo ya daɗe.

Rubutun shekarun da ke jikin kwali ma bai da amfani a gidajenmu. Yarinya 'yar shekara takwas da aka bai wa abin wasa tana goye da ƙanenta, kuma bakinsa abin zai ƙare. Sai a ɗauka duk abin da za a raba, ɗan ƙasa da shekara uku zai taɓa shi. Abin da faɗinsa bai wuce santimita uku ba, ko yake da ido ko taya da za ta ɓalle, a cire shi. Balan-balan in ta fashe tana shaƙe yaro. Mafi muni shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli: in ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu, alhali daga wasu ƙauyukan awa biyu ba ta kai mutum Gusau, balle da halin da hanyoyi ke ciki. Kayan batir ma gaba ɗaya asara ne, ranar da ya mutu wasa ya ƙare.

Fenti kuwa, Bazamfare ba ya bukatar dogon bayani. Gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ta kashe yara aƙalla 400. Waccan daga dutsen zinare ta fito, amma tsohon fenti da mai araha suna iya ɗauke da dalma, yaro kuma tsotsa yake yi. Abin da fentinsa ke ɓarewa da farce, a bar shi. Bindigar roba, a jihar da yara suka san ƙarar ta gaske, ba kyauta ba ce. Manyan 'yan tsana masu gashi ƙurar hunturu kawai suke tarawa.

Ni a ganina, aiko kaya daga nan ma kuskure ne. Kuɗin jirgi da na kwastan sukan kai kuɗin kayan ko su wuce. A aika kuɗin, a saya a kasuwar Gusau ko Talata Mafara, tela ta ɗinka 'yar tsana ta tsumma, kafinta ya yanka guntayen katako ya goge su sumul ba fenti.

Kaso mafi tsoka kuma kada ya tafi ga kayan wasa. Maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati, har akwai na ƙananan yara da ake narkarwa a ruwa. Abin da ke sa yaro ya tsallake ranar karɓa shi ne kakar da ke riƙe da shi ba ta da kuɗin mota, ko gidan babu hatsi. Wannan kason a bi da shi ta hannun ma'aikacin da ke ba da maganin, tunda ya riga ya san gidajen kuma aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri. Masu aikowa daga waje a turo musu rasit da lissafin abin da aka kashe, ba sunayen yara ba.