Yadda Na Zama Hajiyar Yamai

A fadarmu ta Wadata, da zarar Janairu ta kama sai mutane su shiga ɗaukar alkawarin da babu wanda ya aike su. Wani ya ce ya bar sigari, wani ya ce zai riƙa zagaya filin wasa na Seyni Kountché da gudu kowace asuba. Ni kuwa shayi na biyu ya hau mini kai, na ce littafi guda duk mako har Disamba. Mai dafa shayi ya rubuta a bayan kwalin sukari, ya sa na sa hannu.

Na fara da girman kai. Na je wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa, na ɗauko wani ƙaton littafin tarihi na Faransanci, jaka biyu bayan dogon ciniki. Littafi ne mai albarka: shafi uku, sai minshari. Da Afrilu ta zo da zafinta na digiri 44, kuran yana tafiya yana dawowa, sai littafin ya sami aikin da ya dace da shi, wato tokare ƙofa don iska ta shigo.

Ɗiyar yayata da ke zaune wurinmu tana shirin jarrabawar BEPC ita ce ta cece ni, ba da saninta ba. Na kama ta da dare tana latsa waya maimakon bitar lissafi, na ƙwace, na yi mata faɗa irin na kawu. Kafin in ajiye wayar idona ya faɗa kan layi ɗaya: wata marainiya 'yar makarantar kwana ta gano aminiyarta ce ke karanta wasiƙunta a ɓoye. Na ce bari in ga abin da ke lalata yaran zamani. Ina cikin wannan bincike ladan ya kira assalatu.

Duk mai raina littattafan matasan nan bai taɓa shiga hannunsu ba. Babi gajere ne, kuma kowanne yana ƙarewa daidai lokacin da wani ya turo ƙofa. Marubutan, yawanci mata daga Kano da Kaduna da Katsina, sun san kan kasuwa. Kullum su saki shafi kyauta a WhatsApp, sai labari ya ɗauki wuta su ce daga nan na kuɗi ne: 'yan Nijeriya su tura naira, mutanen Nijar kuma dala 100, wato sefa 500. Kwalin sukari ya fara cika da maki. Idan aka tambaye ni a fada abin da nake karantawa, sai in gyara zama in ce nazari ne kan zamantakewar matasa. Rannan ma a motar haya ta faba-faba nazarin ya yi zurfi, ban ɗago kai ba sai da na ga ruwan Kwara ta taga, muna tsakiyar gadar Kennedy za mu Harobanda, alhali ba ni da kowa a can.

Matsalar ita ce gurup ɗin na kuɗi mata zalla ne, kuma mai kula da shi ba ta sa mutum sai ta ji muryarsa. Na kira ɗiyar yayata.

"Kawu, murya dala 100 ce. Kuma babu maganar lissafi har Lahadi."

Na biya. Ta yi sallama da siririyar muryarta, aka sa ni, aka yi mini maraba da suna Hajiyar Yamai.

Na yi niyyar in yi shiru kamar baƙo a gidan surukai. Amma a labarin akwai wani kawu da ke riƙon marainiyar, kuma matan nan sun sa shi gaba, wannan ta ce azzalumi, waccan ta ce Allah ya isa. Abin ya taɓa ni. Na rubuta dogon sharhi kan wahalar riƙo, kuɗin lakkol, tsadar buhun shinkafa. Wata ta taso mini, muka kwashe dare muna fafatawa. Ƙarshe ta ce, "Hajiya, ke kam wallahi kamar namiji kike magana."

A gida kuwa iska ta sauya. Uwargida ta lura ina shigewa gidan sauro da waya, ina murmushi ni kaɗai, in ta matso in kife. Gaisuwa ta ragu, dambu ya fara zuwa babu mai. Wani dare ta tsaya a kaina.

"Malam, in aure za ka ƙara, ka faɗa mini da bakinka."

Na miƙa mata wayar. Ta duba, ta sake dubawa, sai dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa tana dafe ciki.

"Kai ne Hajiyar Yamai? Da kai na yi faɗa ranar Talata?"

Ashe tun bara take ciki, kuma a ɓangaren masu biyan ninki, waɗanda ake tura wa shafi kafin kowa. Tana share hawaye ta ce kawun da nake karewa shi ne ya sayar da gonar marainiyar, a babi na 40 asirinsa zai tonu. Na roƙe ta ta tsaya, ta ƙara da wanda yarinyar za ta aura. Sannan ta sanar da ni cewa rufin asirina turmin atamfa ne, kuma ita za ta zaɓa.

Muna cikin ciniki ɗiyar yayata ta leƙo.

"Kawu, an ce akwai namiji a gurup, kowa ta sake tura murya kafin gobe. Yanzu jaka ɗaya ce."